Yadda Za Ka Ji Daɗin Gidajen Birni Ba Tare Da Ka Kama Haya Ba

Zauna ka gyara kunne. Na san albashinka matsakaici ne, irin wanda yake shigowa da sallama ya fita ba sallama, birnin da kake ciki kuma ko inuwa sai mai hali. Ga alkawarina: ka bi matakan nan, kafin shekara ta zagayo za ka miƙe ƙafa a falo hamsin, ka sha iskar bene, ka wanke hannu da ruwan zafi mai fitowa daga bango, ba tare da ka sa hannu a takardar haya ko ɗaya ba.

Mutum ɗaya kaɗai na sani da ya bi tsarin nan ya yi tuntuɓe, shi ma laifinsa ne. Ɗalibina ne, ma'aikacin ofis mai buga hatimi a takardu, shi ya sa ake ce masa Mai Hatimi. Matarsa tela ce. Ɗaki ɗaya suke haya a bayan gidan wani dattijo da kowa ke kira Baba mai gida. Tagar ɗakin ba ta fi faranti faɗi ba, keken ɗinki yana gindinta. Da shi zan riƙa ba ka misali.

Mataki na ɗaya: Ka gane gidan da babu kowa na kowa ne

Birnin nan cike yake da gidajen da aka share, aka yi wa fenti, ana jiran mai kamawa. Akwai kuma mutumin da sana'arsa ke nan ya buɗe maka ƙofa, ya kunna fanka, ya bi ka yana cewa "ranka ya daɗe". Sunansa dillali. Talaka yana ganin allon "akwai gidan haya" sai ya sunkuyar da kai ya wuce. Kai daga yau katin gayyata za ka ɗauke shi.

Mataki na biyu: Ka yi shigar wanda bai da gaggawa

Asabar ce ranar aiki. Goge riga ɗaya mai kyau, ka riƙe makullin mota a hannu. Ba lallai ya buɗe wata mota ba. Na Mai Hatimi a bakin titi ya tsince shi. In dillali ya tambayi ina motar, ka ce tana wajen bakanike, sannan ka yi tsaki kamar mutumin da motoci suka ishe shi.

Kada ka tambayi kuɗin haya da farko. Mai kuɗi wurin ajiye mota yake fara tambaya, da kuma ko maƙwabta suna da hayaniya.

Mataki na uku: Ka tafi da matarka, amma kada ka yi mata bayani

Namiji shi kaɗai, dillali zai zarge shi da yawon banza. Mace kuwa in ta buɗe durowar kicin tana leƙawa, sai ka ga dillali ya fara lissafin ladansa a zuci. In kuma ta san wasa ne, dariya za ta tona ku.

Nan Mai Hatimi ya fi kowa sa'a. Ya ce wa matarsa, "Tashi mu fara dube-dube, Allah ne mai yi." Ba ƙarya a ciki. Ita kuma duk inda za ta, tef ɗin awo yana wuyanta. Duk gidan da suka shiga sai ta nufi taga, ta auna tsawo, ta auna faɗi, ta rubuta a bayan littafin da take rubuta awon masu ɗinki. Dillalai suna ganin tef ɗin nan sai su aika a sayo ruwan sanyi.

Mataki na huɗu: Ka ci moriya, kada ka ji kunya

Ce a kunna iyakwandishan, ka tsaya a ƙarƙashinsa har gumin mako guda ya bushe. Shiga banɗaki ka rufe ƙofa, ka ce gwaji kake yi. In akwai kujeru ka zauna, ka sa wayarka a caji, ka yi shiru kana kallon silin. Dillali zai ɗauka shawara kake yi da zuciyarka, alhali gyangyaɗi ne.

Wannan fa ita ce rayuwar masu hali gaba ɗaya. Su ma a ɗaki ɗaya suke iya zama a lokaci guda, bambancin kawai su biya suke yi.

Mataki na biyar: Ka nemo aibi kafin ka fita

Wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar. Ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa, ka kara kunne, ka girgiza kai. Kada ka kawo aibin da za a iya gyarawa, don za a gyara a kira ka. Kawo wanda ya fi ƙarfin mai gini.

Mai Hatimi gwani ne. Ya ƙi wani gida saboda rana ta yi masa yawa, ya ƙi wani saboda shirun unguwar bai kwanta masa ba. Wani kuma ya ce matakalar benen ba ta san darajar tsofaffi ba, ga shi suna sa ran tsufa. A hanyar komawa, cikin bas, matar takan ce, "Malam, ni ban ga laifin wancan ba."

"Ke ai taga kaɗai kike gani," in ji shi. Sai ta yi dariya, ta rungume littafinta.

Mataki na shida: Kada bakinka ya taɓa cewa "ya yi"

A nan ɗalibina ya ba ni kunya. Gida na talatin da wani abu ne, hawa na huɗu, falo mai taga tun daga wannan kusurwa har waccan. Matar ta ja tef ya ƙare ba ta kai ƙarshe ba, sai da ta sa yatsa ta sake ja. Ta tsaya cikin hasken nan tana kallon rufin gidaje, ta ce, "Malam, a nan ko zare zan sa a allura ba sai na fita tsakar gida ba."

Ya ɗaga yatsa zai ƙwanƙwasa bango. Sai ya tuna yadda take kanne ido a gindin 'yar tagarsu kullum da la'asar, tausayi ya kama shi, aibi ya ƙi zuwa. Ya ji bakinsa yana cewa, "Wannan kam ya yi."

"Alhamdu lillahi!" in ji dillali. "Ƙarshen wata sai makulli, ranka ya daɗe."

Mai Hatimi ya ce a ransa akwai sauran mako uku, aibi ba zai gagara ba. Bai san cewa a ƙasan akwatin matar akwai wani yadi mai kauri, ruwan zuma, da ta shekara biyu tana ajiye da shi ba. Ranar Litinin yana ofis yana buga hatimi, ita tana sa wa yadin almakashi, za ta ɗinka labulen sabuwar tagar. Ranar Talata ta gaishe da Baba mai gida, ta yi masa godiyar zaman shekara shida, ta ce ƙarshen wata za su tashi. Ba ta gaya wa mijin ba, don a ganinta shi ya riga ya yi mai wuyar, ita ƙananan hidimomi take rage masa.

Mataki na bakwai: In an ƙwanƙwasa taka ƙofar, ka duba yatsan baƙo

Asabar da hantsi aka yi sallama. Wani dillali ne da wasu mata da miji, sun zo ganin ɗaki, Baba mai gida yana bayansu. Mai Hatimi ya dake. Asabar ce fa, wataƙila 'yan makarantarmu ne. Ya zuba wa mutumin ido yana jiran ya ƙwanƙwasa bango.

Mutumin bai ƙwanƙwasa komai ba, babu makullin mota a hannunsa. Ya tambayi lokacin da famfo ke kawo ruwa, aka faɗa, ya gyaɗa kai. Mai Hatimi ya yi ƙoƙarin taimaka masa.

"Ɗan'uwa, rufin nan yana zuba fa. Ga sauro. Ga zafi."

"Babu komai, yallaɓai. Inda muke, mu bakwai ne a ɗaki."

Matar baƙon kuwa tun shigowarta wuri ɗaya take kallo. Ta taɓa hannun mijinta, ta ce a hankali, "Duba, har da taga." Sannan ta juyo wajen tela. "Yaya, don Allah ara mini tef ɗin nan."

Kafin azahar an gama magana, Baba mai gida ya sa albarka.

Da suka watse, matar Mai Hatimi ta shimfiɗa labulen a kan gado, ya rufe gadon ya zubo ƙasa ta kowane ɓangare. "Malam, ranar wace za mu karɓi makulli?"

Sai ya faɗa mata gaskiya, tun daga makullin motar. Ta kalli bakin yadin inda almakashi ya bi.

"Duk gidajen?"

"Duk."

"Har mai rana da yawa?"

"Har shi."

Bai ji tsoron faɗa ba, ya ma so ta yi. Amma murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Da ka ce mini yawo muke zuwa, Malam, da na sa takalmi mai daɗi na bar almakashina a ajiye. Ni ma ai ina son yawo."

Mataki na takwas

Babu shi. Yanzu da gaske suke neman ɗaki, sai dai duk dillalin da ya ga lambar Mai Hatimi ba ya ɗauka, don an san shi da ƙin gida saboda rana. Suna zaune a ɗakin ajiyar kaya na wan matar, bayan shago, bango huɗu da ƙofa. Ya ba ta shawarar ta rage labulen ta yi zanen gado. Ta ce ko faɗin yatsa ba za ta rage ba, ita ta gama nata aikin, shi ya nemo tagar.

Gargaɗi

Marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da zai same ka, ko fushin dillali ne, ko shirun mata, ko kwana kusa da buhunan surukinka. Shawara ka karanta kyauta, kuma ba wanda ya aike ka. Sai dai in ka san wani ɗaki mai arha, a kowace unguwa, ko rufin yana zuba, muddin tagarsa ta fi tef ɗaya faɗi, don girman Allah ka neme ni. Ka nemi Mai Hatimi, nake nufi.