Mai Gadin Ƙwaƙwalwar Famfo

"Lafiya lau, Kaka. Ya ƙafar?"

"Ƙafa da sauƙi. Ruwa na zo nema, ba gaisuwa ba."

Hantsi ne a unguwar Malam Inna da ke Gombe. Yakura, wadda ta baro Bama da zanen jikinta kawai, ta tsaya da bokiti a kan jikanta Wakil, wanda take kira maigidanta. Shi ya haɗa wa gidan 'yan gudun hijirar wata 'yar na'ura mai kunna famfon sola. Yau kuma ya kwance ta, ya jona ta da kwamfuta.

"Maigida, me ka yi wa famfon mutane?"

"Akwai wani rubutu a cikin na'urar mai gadin ƙwaƙwalwarta, kar ta cika ta sandare. Ya cukurkuɗe kamar ƙullin kayanki. Warware shi nake, in jera shi tsaf."

"In ka gama zai ƙara ruwa?"

"A'a, aikinsa ba zai canja ba."

"Innalillahi! Ka hana mu ruwa tun safe don abu ya koma yadda yake? Sake ni, na gaji da auren!"

"Wa zai kwashe ki? Haƙoranki ma sun riga ki gudun hijira."

"Ja'iri! Ni da ko akuyoyin da na baro ban manta kamanninsu ba. Taka ƙwaƙwalwar ce ke neman mai gadi. Jiya da takalmin wani ka dawo daga masallaci!"

Wakil ya yi dariya, sannan ya sassauta murya. "Don wanda zai riƙe famfon bayana nake yi, Kaka, ya iya karantawa. Tun da bam ya tashi a tasha Kawu ke cewa zai turo mota mu koma Kano."

Yakura ta dire bokitin.

"Kawun naka ni na haife shi. Na yi gudu na ga iyakarsa. Ba mai sake tayar da ni, da bindiga ko da waya. In kai tsoro kake ji, bi shi."

"Ni? In bar wa samarin Gombe tsohuwar matata? Ina nan daram!"

Ya mayar da na'urar, ya danna. Famfon ya yi tari, ruwa ya ɓalle. Matan gidan suka yo waje da jarkoki.

Yakura ta fashe da dariya, ta kwance bakin zane, ta miƙa masa dabino.

"Ungo, injiniya, ka ci gari. Kira kawun naka, ka ce in turowa zai yi, ya turo shinkafa, ba mota ba."