Rishon Inna Furera Ya Rasu Wajen Wanka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da fatarsu ke saɓewa, Muttaka ɗan Malam Nasidi na Kasuwar Daji yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da duk wanda ya taɓa shan shayi a gidansu rasuwar rishon mahaifiyarsa, Inna Furera. Marigayin ya cika ranar Talata gab da la'asar, a tsakar gida, cikin baho. Ya rasu yana da shekara ashirin da shida. Ya girmi mai wannan sanarwa da shekara bakwai, kuma ya fi shi amfani a gidan. Wannan magana Inna ta sha faɗinta a gabansu su biyun.

Marigayin ya zo gidan ne cikin kayan ɗakin Inna, daga Jangeru. An ce a lokacin kore ne. Muttaka dai ya buɗe ido ya gan shi baƙi ƙirin, sanye da rigar maiƙo da kunkunniya da miyar da ta ƙone tun kafin a yaye shi. Mai haƙuri ne. Da damina, in itace ya jiƙe murhu ya yi ta hayaƙin banza, shi ake jawowa daga bayan ƙofa, bai taɓa cewa sai yau aka tuna da ni ba. Ya dafa ruwan jego, ya ɗumama tuwon safe, ya fitar da Malam kunya ranar da baƙi suka sauka babu sanarwa. Maganarsa kaɗan ce. In an kunna shi ya ce "fuf", in tukunya ta zauna ya ce "sssss", in Inna ta hure shi ya ce "buf", ya bar wari a ɗaki don a san ya yi aiki.

Bai yi jinya ba. Lafiyarsa lau har ranar da Inna ta tafi Jangeru sunan jikanta, ta bar gida a hannun Muttaka. Tana bakin ƙofa ta waiwayo ta ce, "Ka ci abin da ka samu. Amma wanga risho, kar ka bari ruwa shi taɓa shi."

Muttaka ya gama sakandare bara. Ya ci Kimistiri. Tun daga nan yake zaune yana jiran sunansa ya fito a jami'a, yana kallon bango, bango yana kallonsa. Da ya ji maganar Inna sai ya sa ta a layin camfi, kusa da kada a yi shara da dare. Ya ƙudurta zai yi abu ɗaya da in ta dawo za ta tsaya ta dube shi.

Da hantsi ya fara. Ya juye kananzir a kwalba, ya zare lagwani, ya sa omo da soson ƙarfe. Dauɗar ba ta motsa ba. Ya koma toka da yashi, ta ɗan yi dariya. Sai ya ɗauko ruwan wanke ban-ɗaki, mai shuɗiyar roba, ya tuttule rabi a baho, ya ƙara ruwan zafi, ya nutsar da marigayin har wuya. Baho ya yi kumfa. Muttaka ya zauna a kan turmi yana jin kansa likita.

Gaskiya guda da ba za a ɓoye ba: marigayin ya yi kyau. Kore ya fito, har da wata 'yar fure a gefe da babu wanda ya san da ita. Muttaka ya shanya shi, ya mayar da lagwani, ya zuba kananzir. Kananzir ya bi ta ƙasa ya fito ta wuri tara, ya nufi rariya. Ya ɗaga shi sama ya leƙa gindinsa, ya hango rana.

Gwaggo Ladidi, maƙwabciya, ita ta duba gawar. Ta juya shi, ta sa farce a ramukan. Sannan ta ce, "Ɗan boko, ina sabulun?"

Ashe tankin ya daɗe da hujewa. Duk ramin da tsatsa ta buɗe, Inna takan gutsuro sabulu ta danna da babban yatsa ta shafe, don kananzir ba ya narkar da sabulu. Ruwa ke narkar da shi. Maiƙo ya bi ya rufe, shekara kan shekara, har ya zama fata. Sauran wuraren da tsatsa ce kaɗai ke riƙe da su, ruwan ban-ɗaki ya sallame su.

"Abin da uwarka ta yi shekara goma tana liƙi, kai ka gama da shi kahin la'asar," in ji Gwaggo. "Ku dai da kun yi karatu, ba a barin ku ku ɗai da kaya."

An kai shi wajen mai walda a bakin kasuwa. Ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, wani wurin ya sake ɓurmawa. Ya miƙo shi da hannu biyu, ya ce a yi haƙuri.

Marigayin ya bar lagwani takwas, mazurari ɗaya, tsinken tura lagwani, da tukunya ƙarama wadda ba ta taɓa hawa murhu ba, yanzu za ta koya da girmanta. Ya bar Malam Nasidi, wanda ya dubi gawar ya dubi ɗansa ya ce, "Ni ban gani ba," ya saka takalmi ya fita. Ya kuma bar Inna Furera, wadda har yanzu ba ta sani ba.

Gawar tana kwance bayan rumbu, an lulluɓe ta da buhu. Dogo mai sayen gwangwan ya zo sau biyu da kurarsa, an ce ya dakata, ba a fitar da mamaci mai shi bai gani ba. Za a yi rakiya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in motar Shinkafi da za ta kawo Inna ta iso. Ana roƙon duk wanda ya shiga mota ɗaya da Inna kada ya faɗa mata. Muttaka ya ce shi ya yi wankan, shi zai yaye buhun.

Za a karɓi gaisuwa a tsakar gida, kusa da murhun da Muttaka ya riga ya kafa wa duwatsu. Ba a buƙatar goro ko abinci. Sai dai a sani, Inna in abu ya ɓata mata rai kaɗan, faɗa take yi, unguwa ta ji. In ya kai mata har zuci, ba ta cewa uffan, sai ta ɗauki tsintsiya. Don haka mai wannan sanarwa yana roƙon masu zuwa ta'aziyya su zo da wuri, su zo da surutu, kuma kada su yi saurin tashi.