Katantanwa a Bangon Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da katantanwa suka tona mini asiri ba. Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, wani Dakta mai binciken halittun teku a Jidda ya ɗauke ni aiki na gwaji. So yake ya gano ko katantanwar duwatsun gaɓar Abhur, a arewacin Jidda, jininsu ɗaya da na kudancin gari, ko kowane wuri da zuriyarsa. Da ido ba a bambancewa, sai an gwada namansu a ɗakin bincike. Nawa aikin ɗaya ne: in tsinto daga wuri huɗu, kada in bari su gauraya.

Mako biyu ina rarrafe a kan duwatsu. Kowane bokiti na rubuta masa sunan wurinsa sau biyu (har da na uku a gindi, ko da tsautsayi). Na jera su a tsakar gidan Gwaggo a unguwar Karantina. Da zan tafi masallaci sai tausayi ya kama ni, na ce wataƙila zafi ya yi musu yawa. Na ƙara musu ruwan teku, na buɗe murafen.

Abin da ban sani ba, irin waɗannan ba sa zama cikin ruwa. Hawa suke yi.

Bayan salla na dawo tare da Dakta, ya zo da mota zai kwashe su. Muka tarar da bokitai fayau. Katantanwa kuwa sun cika bango, na Abhur da na kudu kafaɗa da kafaɗa. Gwaggo na zaune tana tsince shinkafa.

Maimakon in yi shiru, na ciro ɗaya, na ƙura mata ido, na ce, "Dakta, ina jin wannan ta Abhur ce. Amma ban tabbatar ba."

Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan nan, unguwar nan ma haka take. Na Kano, na Sudan, duk mun hau bango ɗaya. Kai ma wa zai tantance ka?"

Dakta ya yi dariya har ya dafa ƙofa. Ni ina jiran in ji ya ce halas da Larabci, wato aikina ya ƙare. Sai ya miƙo mini bokiti, ya ce yalla, wato maza, gobe Abhur, daga farko.

Na sake mako biyu a rana. Har yau ina rubuta suna sau uku, amma yanzu murfi nake fara dubawa.