Ƙahon Gawayi

Da asuba Kaka Martha tana durƙushe tana hura wutar ƙosai a gefen rumfata, a bakin hanyar Narayi. Itacen ya sha ruwan sama, hayaƙi kawai yake yi, tana hurawa tana zagin wanda ya sayar mata. Ni Yakubu kuma ina fito da kayan aiki. Gyaran keke nake yi, kuma tun kafin soja su koma bariki muke maƙwabtaka da ita a wurin nan.

Sai ga jikanta Derrick ya turo kekensa na tsere, sanye da ɗan wando mai kama jiki, an maƙala masa lamba a baya.

"Amarya, an tashi lafiya?"

"Lafiya na tashi, sai na ga mijina a titi da ɗan kamfai. Wa ya sace maka wando?"

Ranar Dimokuraɗiyya ce. Kansilanmu ya shirya tseren keke daga Narayi zuwa Sabon Tasha, ya ce romon dimokuraɗiyya ne. An cike ramukan hanya da jar ƙasa daidai inda motarsa za ta bi, sauran an bar wa Allah. A tsakiyar hanyar akwai gangare mai sauka kan kwalbati, inda mai tsere yake ɗora nauyinsa duka a kan ƙahon keke, wato mariƙin da ake tuƙi da shi. Derrick tun da masaƙar da yake aiki ta sallame su ba shi da aikin da ya wuce keke, kuma shi kaɗai ya rage wa tsohuwar daga wajen ɗanta marigayi.

Sabon ƙaho ya zo nuna mana, baƙi wuluk, yana sheƙi. A wajen Uchenna mai kayan gwanjo a Kakuri ya samo shi. Ba ƙarfe ba ne, kabon ake ce masa. Uchenna ya ce wani zare ne dangin gawayi aka saƙa, aka daskarar da gam, shi ya sa ba shi da nauyi.

Jiya da ya kawo mini shi a hannu na ce ya dakata. Irin wannan ba a ɗaure shi da ƙarfin tuwo. Sai an shafa bakin wuyan keken an tabbata ba kaifi, ba a sa masa giris, sannan a bi notoci a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awo wadda take yin ƙas idan ɗauri ya isa. Ba ni da ita, na ce zan aro wajen wani makaniken mota da safe. Ƙarfe idan ya gaji lanƙwasawa yake yi, ka gani ka sauka. Wannan ba ya sallama, karyewa kawai yake yi a hannunka. To yanzu ga shi ɗaure a keke.

Na tambaye shi wa ya ɗaure, ya ce shi. Ya zura wa sifana bututun ƙarfe don ya ji daɗin murɗawa, kamar yadda kowa yake yi a garin nan, ya yi ta ja har noti ya yi kuka. Soja sun bar mulki, amma hannun Derrick bai sami labari ba.

Na ce ya kawo in kwance in duba. Ya ce ba lokaci, an ce su hallara da wuri a ɗauki hoto da kansila, kuma zan ɓata masa saiti. Na koma kan facin da nake yi. Na gaji da gaya wa mutane abin da ba su tambaye ni ba.

Kaka Martha ta leƙo daga cikin hayaƙi.

"Wato gawayi ka sayo. Miƙo shi in sa a murhu, itacena ya jiƙe."

"Wannan gawayin daga Turai yake, tsohuwa. Ko a mafarki ba ki taɓa ganin irinsa ba."

"Masaƙa ta kore ka don ba ka iya zare ba, ka je ka sayo zare za ka hau."

"Baturen da ya hau shi kafin ni kofi ya ci da shi."

"Shi ya sa ya jefar? Ko kuwa gawarsa aka ɓamɓare daga kai aka aiko maka da saura?"

Derrick ya ce ta jira ta gani. Idan ya zo na ɗaya kansila zai ba shi aiki a ofis, ranar kuwa zai sake ta ya auro mai haƙora.

"Biyun nan da suka rage mini za su riga naka ganin gobe," in ji ta. "Naka yau a kwalbati za a tsince su. In an tsinto a kawo mini, ina da gurbi."

Daga nan suka ɓarke. Ta ce za ta kai ƙararsa zumuntar mata, miji ne da bai taɓa kawo ko gishiri ba sai baki. Ya ce shi zai kai tata wajen fasto, mata ce da take ba maigida ƙosan jiya ta sayar wa baƙi na yau. Ta ce kakansa da baƙin keken ƙarfe ya ɗauko ta daga Kachiya, ita da buhun masara da akuya, bai tsaya ko shan ruwa ba. Ya ce ya ji labarin, akuyar ce ta hau, ita a ƙasa ta biyo su don tayoyi sun ƙi yarda da ita.

Tana cikin dariya ta dube ni. Ta san ni, ba na yin shiru a kan keken da hankalina ya kwanta da shi. Ta miƙe da matsaminta a hannu, ta goge ƙotarsa a zane.

"Kayan da miji ya shigo da shi gida, sai uwargida ta duba."

Kaka Martha ba ta sayen tukunyar ƙasa sai ta ƙwanƙwasa ta ta saurara. Randa, kasko, har kankana, kowa a kasuwa ya san ta da wannan. Ta fara daga ƙarshen ƙahon, tana bugawa a hankali da ƙotar matsami, kunnenta a kusa. Ƙal, ƙal, ƙal. Da ta iso gab da wuyan keken, inda notocin suke, sai ya yi tuf, kamar an bugi jiƙaƙƙen itace. Ta koma ɗaya gefen, ƙal. Ta dawo, tuf.

"Wannan tukunyar ba ta riƙe ruwa."

Derrick ya ce keke ba randa ba ne, ya ɗaga ƙafa zai hau. Ta riƙe sirdin da hannu ɗaya. Hannun da ya yi shekaru yana ɗaga kaskon mai ba ya sakin abu da wasa.

"Ka sake ni, ka auri 'yar kansila, ban hana ka ba. Amma ba ka hau wannan sai Yakubu ya buɗe. Na binne kakanka, na binne ubanka. Kai ko sadaki ba ka biya ba, ba zan sa maka baƙin zane ba."

Ba ta yi dariya ba da ta faɗi wannan. Shi ma bai yi ba. Ya sauke ƙafa ya turo mini keken.

Sai da na sa wa sifana bututu kafin notocin su motsa. Da murfin da ya danne ƙahon ya fita, ga sawun ƙarfe ya nutse a jikin ƙahon, ga wani farin layi siriri kamar gashi ya zagaya rabinsa. Na ɗora shi a gwiwa na danna gefe biyu, ba da ƙarfi ba. Ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara, tsagar ta buɗe baki.

Derrick ya shafa tsagar da yatsa. Sannan ya tambaya ko za a ɗiga masa gam a naɗe da robar tayar ciki, ya lallaɓa da shi yau kawai. Kaka ta ce haka za a yi wa muƙamuƙinsa an jima, a ajiye sauran robar.

Tsohon ƙahonsa na alminiyam yana cikin tarkacena inda ya jefar jiya. Na ɗauko na goge, na mayar da birki, na ɗaure a gicciye. Ya ce zai makara hoto. Na ce kansilan da ya ce da wuri, sai rana ta take.

Ya ɗauki baƙin ƙahon da hannu biyu, ya durƙusa a gabanta cikin taɓo, yana dariya.

"Amarya, ga sadakinki. Daga Turai."

"Mai tsaga, daidai da ango. Na karɓa."

Duk da haka ba ta saki sirdin ba sai da ta bi tsohon ƙahon da ƙotar matsami daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ƙal har ƙarshe. Ta ƙara ɗaya a goshin Derrick, ta kasa kunne.

"Wannan tun haihuwa ya tsage, ba gyara. Je ka."

Ya hau ya tafi. Ta tsaya a bakin titi rungume da sadakinta tana kallonsa har ya sha kwana, ƙosai yana ƙonewa a kasko, abin da ban taɓa gani ba tun da muke zaune a wurin nan. Da ta dawo ta tsame baƙaƙen a takarda, ta turo mini da ƙafa, ta ce in ci, gawayi ne daga Turai.