Rasuwar Ta-Malam, Motar da Aka Durƙusar

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da ido wanda har yau bai bushe ba, Muzzammil ɗan marigayi Malam Abduljalil na garin Gwandu yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi ya ɗaga mata hannu, rasuwar motar gidansu, farar Marsandin nan da kowa ya sani da Ta-Malam. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, a bakin wata kwalbati tsakanin Kalgo da Diggi, bayan doguwar jinya ta ciwon gugar taya. Ba wanda ya san adadin shekarunta, domin da furfurarta ta shigo ƙasar nan.

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai son jama'a. A zamanin Malam, wanda ya saye ta bayan ya bar aikin malamin gona, ba ta taɓa tambayar nauyin kowa ba. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta kwaso buhunan albasa daga Dalijan, ta ratsa yashi da laka da 'yan gaisuwar mutuwa zuwa Maruda, wani kan cinyar wani, ba ta ce uffan ba. Doguwa ce a lokacin, har awaki kan fake ƙarƙashinta in ana ruwa. Kukanta guda ne, na safe in an murza makulli: kirrr, kirrr, buuum. Kujerar baya ta hannun dama kuwa ta Inna Dije ce, matar Malam. Ta zauna a wurin har katifar ta ɗauki siffarta, carbinta ma a jikin mariƙin ƙofar yake kwana.

Da Malam ya riga mu gidan gaskiya aka zo rabon gado, yayyen Muzzammil, wato Siddiƙu da Huseina, suka bar masa motar ɗungurungum, saboda shi ne auta kuma shi ke zaune da Inna. Sharaɗi guda Siddiƙu ya gindaya masa a gaban dattawa: muddin motar nan tana numfashi, kada a ga Inna a bayan kabu-kabu, wato babur ɗin haya. Muzzammil ya ɗauki alkawari yana share hawaye, kuma har ga Allah da gaske yake.

Ciwon ajalin daga wayar hannu ya samo asali. Can Muzzammil ya riƙa ganin motocin da aka rage wa tsayi har cikinsu ya kusa shafar ƙasa, ga tayoyi masu faɗi suna leƙowa waje, sai abin ya shiga ransa ya hana shi sakat. A faɗi gaskiya, ba ƙiyayya ta sa shi ba. Son motar yake kamar ransa, so yake a daina ce mata tsohuwa. Ya kai ta Kalgo wurin Ɗalha mai gyaran jikin mota, mutumin kirki mai aibi guda, wato bai taɓa ce wa mai mota a'a ba. Aka yanke sifirin duka huɗu, murɗaɗɗun ƙarafan nan da ke ɗage jikin mota daga kan taya, aka ɗaura mata wili masu ƙyalli, wato ƙarafan tsakiyar taya, da faffaɗan tayoyi. Ta dawo Gwandu a durƙushe, tsakanin taya da fenda, ƙarfen nan da ya rufe saman taya, yatsa biyu kawai ke shiga. Samari suka yi ta fito suna ɗaukar hoto. Tudun rage gudu kuwa sai a karkace take hawansa, a hankali, masu kekuna na wuce ta.

Alamar ciwon ta farko wani sabon kuka ne da ba a san ta da shi ba: ƙurrr, ƙurrr, daga ƙafar baya. In Muzzammil ne shi kaɗai, shiru kake ji. Da zarar an zauna a baya, sai jiki ya sauka, bakin fenda ya kama gurzar taya, ƙaurin roba ya cika mota. Nan ya koyi kau da kai in maƙwabta sun ɗaga hannu, abin da Ta-Malam ba ta taɓa yi ba. To, maƙwabta a kauce musu, uwa fa? Wata rana zai kai Inna awon hawan jini, duk ramin da suka faɗa sai kukan ya taso daga daidai ƙarƙashinta. Da ya rasa yadda zai yi, sai bakinsa ya suɓuce.

"Inna, ɗan matsa tsakiya kaɗan."

Ta matsa. Kukan ya ɗauke ɗif. Ta madubi ya ga ta tattare mayafinta ta ƙanƙame jikinta wuri guda, kamar baƙuwar da aka rage wa hanya. Da ma ƙasa ta tsage ya shige a lokacin, da ya fi masa sauƙi.

Daga nan aka shiga neman magani gadan-gadan, kuma ba a yi wa marigayiyar rowa ba. An cire baƙar robar da ke cikin fenda an yar. An bubbuge cikin da guduma. An karkatar da tayoyin baya suka kwanta ciki, sai suka koma cinyewa ta gefe guda. An cusa guntayen tsohuwar taya tsakanin zoben sifirin, suka yi kwanaki suka zube a hanya. Sannan Ɗalha ya ce a samo masa icce mai sulɓi da ƙarfi, a soka tsakanin taya da fenda, a riƙa tura motar baya sannu sannu har bakin ƙarfen ya naɗe ciki. Kaf gidan ba iccen da ya dace sai taɓaryar Inna, ta ƙirya, wadda ta zo da ita daga Maruda tun tana amarya. Muzzammil ya faki ido ya sa ta a but, ma'ajiyar kaya ta bayan mota. Bakin ya naɗe, fenti ya tsattsage, kukan ya yi sauƙi na ɗan lokaci ya dawo da ƙarfinsa. Taɓarya ta koma jikin turmi da baƙin tabo, Inna ta dube ta ta kau da kai.

Abin takaicin shi ne maganin gaskiya ba ɓoyayye ba ne, Muzzammil ma ya san shi sarai: a sa sabon sifirin, a mayar mata da tsofaffin ƙafafunta, waɗanda ke jingine a zaure ƙura na rufe su. Sai dai in ya tuna dariyar da samarin gari za su yi masa ranar da ta miƙe tsaye, sai ya ce saura gyara ɗaya. Kullum saura gyara ɗaya.

Ita kuwa Inna sai ta daina shiga. Yau ta ce gwiwarta ba ta son lanƙwasa, gobe ta ce iska take so ta sha. In ya fita sai ta aika a kira mata ɗan kabu-kabu, ta hau da kyar tana riƙe da ƙarfen baya. Malmalar tuwonta ta fara dawowa da saura, furar rana ma ta ce ta gundure ta. Hankalin Muzzammil ya tashi, amma maimakon ya durƙusa ya faɗa mata abin da ya yi wa sifirin, sai ya ɓullo da wata dabarar. Duk gyaran da aka yi, sai ya ɗauko buhun shanshera, shinkafar da ba a casa ba, ya zaunar a kujerarta ya zaga gari yana kasa kunne. Wata la'asar yana cikin kokawar fito da buhun a ƙofar gida, ya ɗaga kai ya gan ta tsaye bakin zaure, ta jima tana kallonsa.

"Buhu nawa na kai, Auta?"

Ba da faɗa ta tambaya ba, so take ta sani. Sannan ta juya ta shige ciki.

Ana cikin haka Huseina ta haihu a gidan mijinta a Diggi, aka sa ranar suna. Siddiƙu zai zo, dangi duk za su hallara, kuma in aka ga Inna ta sauka daga abin hawan haya, alkawarin da aka ɗauka gaban dattawa ya tashi a idon kowa. Saboda haka aka yi wa marigayiyar aikinta na ƙarshe. Ɗalha ya sa injin yankan ƙarfe ya datse bakin fendar gaba ɗaya, ya bar shi da kaifi kamar wuƙar mahauci, ya tsaga tiyon ruwa ya lulluɓe kaifin da shi. Aka gwada da buhu, shiru. Muzzammil ya je ya durƙusa gaban Inna yana roƙo har ta amsa. Da safen Asabar ta fito ko kunu ba ta kurɓa ba, ta shiga ta zauna a tsakiya ba tare da kowa ya ce mata ba. Abin da bai lissafa ba shi ne kayan suna. Buhun gero, kulolin masa, jarkar man gyaɗa, turamen zannuwa, duk aka danna a but har sai da aka ɗaure murfin da igiya.

Tun daga Gwandu har Kalgo marigayiyar ba ta yi ko tari ba. Muzzammil har ya fara murmushi yana satar kallon madubi. Ashe da suka sauka daga kwalta, tiyon ya faɗi a ramin farko, kaifin ya kama yankan gefen tayar a hankali, kuma wuƙa mai kaifi ba ta yin ƙara. Kalmomin marigayiyar na ƙarshe biyu ne: fasss, sannan tau. Ta ja gefe, ta daki kwalbati da cikinta, baƙin mai ya malale a ƙasa, ƙashin bayanta ya lanƙwashe yadda ba mai miƙe shi. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, Inna ce kawai ta bugu a goshi. Manoman da ke kusa suka rugo suka fito da ita. Ta tsaya tana kallon motar, kulolin masa a kife cikin ƙasa.

"Ai na ce ka bar ni gida, Auta. Ga shi na kashe motar Malam."

A nan ne, a gaban baƙi, ya zube ƙasa ya faɗa mata komai, sifirin da faɗin taya da kaifin fenda, ya yi rantsuwa har muryarsa ta dushe. Ta shafa kansa ta sa masa albarka, ta ce ɗa na gari haka yake rufa wa uwarsa asiri. Ya makara, gaskiyar da ya faɗa Inna ta ɗauka kara kawai yake mata, kuma wannan ya fi mutuwar motar yi masa ciwo.

Marigayiyar ta rasu ta bar wili huɗu masu ƙyalli da tayoyi uku, da tsofaffin ƙafafunta na zaure waɗanda ba su taɓa yi wa kowa laifi ba, da taɓarya mai tabo. Ta bar Ɗalha, wanda har yanzu yake cewa da akwai gyara ɗaya da ba a gwada ba. Ta bar Siddiƙu, wanda tun ranar bai ce wa ƙanensa ko kanzil ba, da ma zagi ya yi. Ta bar Muzzammil da makulli a aljihu, da kuma Inna Dije, wadda har yau rabin malmala take ci.

Ba wanka, ba salla, kasancewar mamaciyar ƙarfe ce. Za a ɗauko gawar daga garejin Ɗalha a Kalgo ranar Alhamis bayan azahar a miƙa ta ga 'yan gwangwan, ban da kujerar baya, wadda aka riga aka ciro aka ajiye ƙarƙashin rumfar Inna. Za a karɓi gaisuwa a zauren Malam da ke Gwandu. Ba a bukatar goro ko abinci. Roƙo guda Muzzammil yake yi wa duk wanda motar nan ta taɓa ɗauka: in ya gama gaisuwa a zaure, ya yi sallama ya shiga ciki, ya faɗa wa Inna cewa ba nauyinta ba ne, ko Allah zai sa ta yarda in ta ji daga bakin mutane da yawa. Za a same ta a rumfa. Kullum da safe tana kakkaɓe wa kujerar ƙura, sannan ta shimfiɗa tabarmarta a ƙasa kusa da ita ta zauna.