Kwat Ɗin Surukina Ta Samu Aiki

Jiya da hantsi aka hana ni ɗaukar riga a wani ofis, ina ganinta tana ganina. Kuma ba tawa ba ce, ta surukina ce. Sati biyu ke nan ina zagayawa ta bayan layi idan zan shiga gida, don kada in bi ta ƙofarsa.

Bari in faro muku daga tushe. Shekara huɗu ina neman aiki. Sau goma sha ɗaya na shiga intabiyu, sau goma sha ɗaya aka ce in je za a neme ni, har yau ana kan nemana. Manyanmu masu tausayi, Allah ya ƙara musu lafiyar zama a kujera, sun damu da halinmu har suka yi taron bita na kwana uku a babban otal. Aka ci, aka sha, aka fito da ɗan littafi mai shafi huɗu da ya tabbatar cewa laifinmu ne. Ya ce mu zo da wuri, mu kalli idon mai tambaya, kada mu cika surutu, kada mu cika shiru, kuma mu sa tufafin mutunci.

Wannan na ƙarshe ne ya kai ni gaban surukina, tsohon hedimasta, mai wata baƙar kwat da yake ajiyewa cikin leda.

"Baba, aron kwat na zo."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Wannan kwat ba ta taɓa zuwa wuri ta dawo da kunya ba. 'Yata kuwa ta gaji da cewa mijinta yana jiran kira. Ka san yadda za ka yi."

Aikin a Hukumar Kula da Sauran Hukumomi yake, muƙamin jami'in karɓar ƙorafi. Motar hayar da na hau ta shiga layin mai, direba ya ce minti biyar ne, na sauka na ƙarasa da ƙafa. Duk da haka ƙarfe bakwai a can ta yi mini. Mu tamanin ne, kujerar ɗaya ce. Masu girma 'yan kwamiti suka iso ƙarfe biyu na rana, da alama su ba su karanta littafin ba. Babu wuta, gumi ya jiƙa ni sharkaf, sai na cire kwat na rataya a bayan wata kujera da ba kowa, a ɗan ofishin da ke kusa da inda muke jira, don ta sha iska. Kafin in waiwaya aka kira sunana, na shiga da 'yar shat.

Mutum uku ne a ciki. Mai Girma Shugaban Kwamiti yana barci. Littafi ya ce a kalli idon mai tambaya, don haka na sunkuya ina leƙen fuskarsa ta ƙasa, ko Allah zai sa ya buɗe ɗaya. Na biyu yana waya da mai yi masa gini. Sai wata mata mai tabarau ta ce:

"Ina kake hango kanka nan da shekara biyar?"

"A layin mai, ranki ya daɗe, amma na ɗan matsa gaba."

Ta rubuta wani abu. Aka ce an gode, za a neme ni, aka fitar da ni ta ƙofar baya. Sai da na kai titi na tuna da kwat, na dawo a guje, maigadi ya ce an tashi. Washegari ya ce sai da takardar izini. Takardar izinin kuma a ciki ake ba da ita. Haka muka yi ta yi da shi har jiya, da ya tafi yin fitsari na faɗa.

Jama'a, layi na tarar a ƙofar ɗan ofishin nan, mutum ya kai ashirin, kowa da takarda a hannu. Ga kwat a inda na bar ta, an goge ta, an ajiye mata fayil-fayil da kofin shayi, har da fanka. Na miƙa hannu, wani tsohon masinja ya doke shi.

"Kai, lafiyarka? Kayan oga za ka taɓa?"

"Wane oga?"

"Ba ka ga kwat ɗinsa ba? Yana nan, ya ɗan zaga ne."

Hayaniyata ta fito da Ranka-ya-daɗe Daraktan Mulki. Mutumin kirki, ya ja ni gefe ya yi mini bayani a hankali. Ashe tun wata uku kafin intabiyu aka ba ɗan ƙanin matar wani babba aikin, yaron kuma yana karatu a ƙasar waje, sai nan da shekara biyu. Kujerar da ba kowa ta dame su, baƙi suna gani. Tun da kwat ta zauna komai ya daidaita. Masu duba aiki sun zo sun yaba: ita ce farkon zuwa, ita ce ƙarshen tashi.

Na ce, tun da littafi ya ce a nemi sanin dalilin faɗuwa, ni mene ne aibina?

"Malam, ka kwatanta kanka da ita mana. Kai awa bakwai kawai ka jira ka fara gumi. Ita sati biyu ko motsi ba ta yi ba. Kai ana tambayarka kana ba da amsa. Ita kuwa aljihu huɗu gare ta, kuma ba ta da baki."

Wallahi raina ya ɓaci, amma na rasa inda ya yi ƙarya. Na ce to a ba ni kayana in tafi. Ya ce ai wannan ƙorafi ne, in rubuta in kai wa jami'in karɓar ƙorafi. Na rubuta, na shiga layi, da aka zo kaina na ajiye takardar a gaban kwat ɗin surukina. Masinja ya ce in dawo bayan sati shida.

Da la'asar na tarar da Baba zaune a tsakar gidana, maiɗakina ta sunkuyar da kai tana tsintar shinkafa. Ba hanyar gudu, na durƙusa na zayyana masa komai.

"Wato ta samu?"

"Ta samu, Baba."

"Kai fa?"

Na dubi ƙasa. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa, fuskarsa cike da fara'a. "Alhamdu lillahi. Dama tun da kuka fita tare na san wanda zai fitar da ni kunya a cikinku." Ya juya wajen 'yarsa ya ce ta daina damuwa, yanzu akwai ma'aikaci a dangi.

To 'yan'uwana masu neman aiki, kun dai ji abin da ake so, kowa ya je ya gyara halinsa. Ni kam an sake kira na intabiyu ranar Litinin. Takalmina ya fi ni haƙuri, shi zan tura.