Rasuwar Uwar Zaure, Wadda Sandar Bugun Shinkafa Ta Yi Ajalinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama a cikin karan ɗori, Malam Usmanu Labbo na Birnin Kebbi yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman manoman fadamar Zauro da Ambursa da masuntan Argungu, rasuwar kwamfutarsa wadda aka fi sani da Uwar Zaure. Ta rasu ranar Talata da hantsi a shagonsa, sakamakon duka. Shekararta tara a hannunsa, ban da waɗanda ta yi a wata ƙasa kafin ta iso nan a matsayin 'yar gwanjo.

Marigayiya baƙa ce, mai nauyi, mai haƙurin zafi. A cikinta Zauren Fadama yake zaune, wato dandalin intanet da Malam Usmanu ya kafa domin manoma da masunta su riƙa jin labarin juna: wane iri ne ke jure ruwa, ina tsuntsayen jan-baki suka sauka, yau gulbi ya kai ina. Mutum dubu da ɗari uku ta riƙe, ba ta taɓa cewa sun yi mata yawa ba. Maƙwabta za su tuna da nishin fankarta, wuuu, tun daga buɗe shago har rufewa, da ƙit-ƙit-ƙit ɗin da take yi idan an ɗauke wuta.

Amma abin da ya sa Malam Usmanu ke share mata ƙura da hular kansa shi ne muryar mahaifinsa. Marigayi Labbo masunci ne a Argungu, bai taɓa riƙe alƙalami ba, amma idan ya dubi launin ruwa da irin ciyawar da yake kwasowa sai ya faɗa maka kwana nawa ya rage ambaliya ta iso. Shekara huɗu Malam Usmanu yana zuwa Argungu duk Juma'a yana ɗaukar maganar tsohon da waya, ya dawo ya zuba a Zaure don kowa ya amfana, sannan ya share ta wayar don a sami wuri. Sauti ɗari biyu da goma sha biyu suka taru. Tun da Labbo ya rasu a daminar bariya, wato bara waccan, ɗansa ba ya fara aikin safe sai ya kunna ɗaya ya saurara.

Ciwon ajalinta tsoho ne, ya samo asali tun ranar da aka kafa Zaure. Manhajar dandali iri biyu ce, akwai ta kyauta akwai ta biya. Uzoma, mai sayar da kayan kwamfuta a shagon da ke jikin nasa, wanda a garin nan ya yi wayo, ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ya ce ta kyauta ba ta da laifi, sai dai mai ita shi ne maigadi, shi ne likita, shi ne mai shara. Ta biya kuwa masu ita ne za su riƙe dandalin a wurinsu, su tsare ƙofa, su ajiye kwafin komai a nesa, kuma kuɗinta na wata bai kai man janareto na mako guda ba. Malam Usmanu ya gyara zama ya ce, “Don mi za ni ba wani kuɗɗi ga abin da ni ka iya yi da hannuna?” Shekara da shekaru kuwa ya yi da hannunsa, kuma a faɗi gaskiya ya yi da kyau, har ya riƙa tsokanar Uzoma da maganar duk lokacin da suka haɗu wajen mai shayi.

Ladabi ne ya kayar da shi. Manhajar tana da wata ƙofa da ke tare mai shiga, ta nuna masa hotuna ta ce ya zaɓa don ya tabbatar shi mutum ne. Wata rana ƙofar nan ta tare Alhaji Mujtaba na Ambursa, babban manomi, dattijon da ya ba saba'in baya, aminin marigayi Labbo na shekara arba'in. Alhaji ya taso takanas har shago ya ce, “Usmanu, ni da jikoki ashirin da ukku, na'urarka ta ka tambayata ko ni mutum na?” Kunya ta rufe Malam Usmanu har ya rasa inda zai sa kansa. A gaban Alhaji ya cire ƙofar, kuma da yake manhaja ba ta san dattijo da yaro ba, sai ta ciru ga duniya baki ɗaya. Bai tsaya nan ba. Ganin dattawa na yawan mance lambar sirrinsu, kuma sa babba ya yi hadda rashin tarbiyya ne, sai ya yi musu lamba guda, ɗaya zuwa shida a jere, ya raba musu kamar goro.

Cikin kwana goma Zaure ya yi baƙi dubu huɗu, ba mai gari ba mai gona a cikinsu, butum-butumin intanet ne masu yaɗa talla. Suka cika ko'ina da tallar caca da ta maganin ƙarfin maza, da hotunan da ba a faɗa a takardar ta'aziyya. Malam Usmanu ya share ɗari, ɗari uku su shigo. Fankar marigayiya ta koma gurnani, jikinta ya yi zafin da ba a iya dafawa. Ranar Litinin suka shiga da lambar dattawa, suka ɗauki sunan Alhaji Mujtaba da hotonsa na dawowa daga Makka, suka buga tallar maganin nan sau ɗari biyu da sittin. Wayar Alhaji ba ta huta ba yinin nan. Wani bawan Allah ma har gona ya bi shi, ya ja shi gefe a gaban 'yan ƙwadago, ya tambayi nawa ne kwalba.

Daga wurin bugun shinkafa Alhaji ya hau babur ɗin kabu-kabu ranar Talata, da sandarsa a hannu da ƙaiƙayi a gemunsa. Bai yi sallama ba. Dukan farko ya tarwatsa gilashin allo, ɓaraguzai suka watsu har bakin titi. Na biyu ya ɓarke gefen marigayiya, fankarta ta yi tsalle ta faɗa shagon Uzoma tana juyi. Malam Usmanu ya faɗa kanta ya rungume ta yana ihu, “Baba na ciki! Alhaji, Baba na ciki!” Alhaji bai ji ba, idonsa ya rufe. Duka na uku ya sauka a hannun Malam Usmanu ya karya shi a wuyan hannu, kowa a layin ya ji ƙarar ƙashin. Na huɗu ya sami marigayiya a tsakiyar ciki. Ta yi ƙiii guda mai tsawo, hayaƙi ya fita ta bayanta, ta yi shiru. Duk da haka Alhaji ya ja ta da waya zuwa waje, ya tattake ta da ƙafa, ya ɗaga ta sama ya maka a kan kwalbati. Sai da ƙarti huɗu suka riƙe shi, ɗaya daga cikinsu ya tashi da fasasshen leɓe.

A hannun mutanen ne maganar ta shiga kunnensa. Ya tambayi wane Baba, aka faɗa masa. Dattijon ya saki sanda ya zauna a ƙasa cikin gilashi.

Uzoma ne ya duba gawar. Ya ciro faifan ajiya, inda komai yake, ya tarar ya lotse ya tsage gida uku. Ya tambayi Malam Usmanu ina kwafi. Akwai kwafi, domin Malam mutum ne mai tsari, duk ƙarshen wata yana yi bai taɓa fashi ba, kuma a cikin marigayiya yake ajiye shi. Uzoma ya ajiye faifan a gefe. Daga baya ya shaida wa masu tambaya cewa manhajar biya ba za ta hana Alhaji zuwa da sanda ba, sai dai da akwatin banza zai doka.

Marigayiya ta bar allon rubutu guda mai haruffa uku a ɓalle, da linzami, da batir wanda shi ma ba shi da cikakkiyar lafiya. Ta bar marayu dubu da ɗari uku da yanzu ke tambayar juna labarin gulbi a waya. Ta bar Malam Usmanu, wanda bai iya cin abinci ba sai da matarsa Umma ta tsaya a kansa. Baƙi dubu huɗun nan ba a lissafa su cikin dangi ba.

Ba za a yi mata salla ba, malamai sun ce ba ta hau kanta ba. Haka kuma ana sanar da 'yan gwangwan da ke ta zagaya shagon cewa ba a sayar da ita, su kama gabansu. Ranar Alhamis bayan azahar za a ɗauke ta zuwa Argungu a binne ta a gidan Labbo, gindin bishiyar da yake zama yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Alhaji Mujtaba ya roƙi a bar shi ya kawo mota kuma ya haƙa ramin da kansa, an amince masa.

Za a yi zaman makoki na kwana uku a ƙofar shago. Ana roƙon masu zuwa kada su kawo shawarar manhaja, Malam ya riga ya sani. Abin da ake nema, duk wanda ya taɓa sauke muryar Labbo a wayarsa, ko da rabi ce, ko da tsohuwar waya ce da ta mutu a cikin akwati, don Allah ya zo da ita. Zuwa yanzu guda ɗaya aka samu, a wayar Zuhura mai turara shinkafa a Zauro, daƙiƙa goma sha ɗaya. Babu maganar gulbi a ciki. Tsohon ya yi tari, ya ce, “Usmanu, abin ga ya hwara ɗauka, ko in dakata?” Duk lokacin da aka kunna, Malam Usmanu yakan amsa masa cewa ya fara, Baba, sannan sautin ya ƙare.